Shekarar da Habibu Bai Bi Mota Ba

A duk bikin da aka yi a gidanmu, idan ciki ya ɗauka hira ta yi daɗi, sai wani ya jawo labarin ranar da Habibu ya ka da mahaifinsa a gaban mutanen Gaya. Na ji shi a bakin waɗanda ba a haifa ba a lokacin, na ji shi a bakin matan da aka auro daga baya, har na taɓa jin wata tana rantsuwa cewa a cikin laka ya tsoma shi. Ina wurin, da idona na gani. Habibu bai ka da kowa ba. Abin da ya yi ya fi wannan nauyi a wajen mutanenmu, kuma ya fi shi kyau. Tun da ku ne za ku ci gaba da ba da labarin bayan ranmu, gara ku ba da shi yadda ya faru.

Gidanmu gidan mota ne. Mahaifinmu ya tsufa a hanyar Kwatano, babban wanmu Yaya Gado ya gaje shi, da tuƙin da faɗan da komai. Ni kaɗai na bauɗe na tafi Yamai aikin rediyo, shi ya sa har ya koma ga Allah Yaya bai daina kirana Mai Akwati ba. Al'adar gidan kuwa kowa ya san ta. Idan yaro ya kai ƙarfin da zai iya mirgina taya shi kaɗai, a babban hutun damina sai a ɗora shi a kan kamiyo, babbar motar kaya, ya zama apranti, wato yaron mota, ya je Kwatano ya dawo. Ba wanda yake ce masa ya bar lakwal, wato makarantar boko. Sai dai tun zamanin mahaifinmu ba a taɓa samun wanda ya yi wannan tafiya ya dawo ya zauna a benci yana sauraron mushe, malamin aji, ba. Yaro ya ga teku, ya kwana a ƙarƙashin mota, ya sa hannu a kwano ɗaya da direbobi, hanya ta shiga jikinsa ke nan.

Shekarar da na ajiye aiki na dawo gida, layi ya zo kan Habibu, autan Yaya. Yayyensa duk mata ne, sai namiji ɗaya da ya zauna a Malanbil yana saye da sayarwa, ya ce shi da sitiyari har abada. Saboda haka tsohuwar kamiyon gidan, wadda muke kira Hajiya Babba, Habibu take jira. Yaya ya fara jin gwiwa, idan ya sauko daga mota sai ya dafa ƙofa ya ɗan tsaya. Bai taɓa faɗa da baki ba, amma kowa ya san lissafinsa: yaro ya yi 'yan shekaru a bayan mota, ya karɓi permi, takardar izinin tuƙi, shi kuma ya zauna a rumfa ya huta.

A lokacin ne wani mutum mai suna Sarja Idi ya shigo cikin maganar ba tare da ya sani ba. Ɗan garin nan ne, ya yi aikin sojan sama yana gyaran jirage har gashinsa ya yi fari, ya dawo gida. Zama bai karɓe shi ba. Ya bi hukuma da shugabannin makarantu har suka yarje masa ya riƙa tara yara maza da mata na kolej da lise, wato 'yan sakandare, ranar Laraba da yamma da ranar Asabar, a tsohon filin jirgin da ke bayan gari, inda a da sai awaki da masu koyon tuƙa babur. Ya ɗinka musu riguna masu launin sararin sama. Mutanen gari suka sa musu suna 'yan sama, da farko don tsokana, daga baya sunan ya zauna har su yaran suna alfahari da shi. Habibu yana cikinsu, haka 'yata Ramatu, uwar wasunku.

Wata safiya ina zaune a ƙofar gida sai ga Sarja a kan kekensa. Bayan gaisuwa ya ce:

"Malam, an ce bakinka ne sana'arka."

Na ce, "Da can."

Ya ce, "To ina da yara masu kai, amma idan na miƙa musu oba-oba, rediyon nan na magana da matuƙi, sai su cika ta da gaisuwa. Jiya na ce wa ɗaya ya sanar da matuƙi akwai jaki a fili. Sai da ya tambaye shi ina gajiya, ina iyali, yaya hanya. Kafin ya iso kan jakin, da jirgin gaske ne an gama jana'iza. Zo ka koya musu magana gajera."

Haka na shiga cikinsu, kuma ban taɓa yin aikin da ya faranta mini rai kamarsa ba. Nawa darasin ba shi da yawa: ka faɗi wanda kake kira, ka faɗi ko kai wane ne, ka faɗi abin da kake so, ka yi shiru. Yin shirun ne ya fi ba su wuya. Sauran lokacin kuwa ina zaune a inuwar darbejiya ina kallonsu. Suna yin maci har ƙasa ta amsa. Suna koyon karanta taswira da kamfas, Sarja ya kai su can wajen Tanda ya sake su a cikin gonakin gero ya ce su nemo tutar da ya kafa, wasu su dawo da tuta, wasu su dawo da gyaɗar da manoma suka ba su. Suna kallon hadari su faɗi daga ina iska za ta taso. Suna koyon ɗaure karaya da tsayar da jini. Akwai wani tsohon injin da Sarja ya samo, suna kwance shi su mayar, idan ƙusa ɗaya ta yi saura a tabarma sai a sake daga farko. Abin da suka fi so shi ne ƙera ƙananan jirage. Yaran da suka taso suna yin motar kara ba a koya musu sassaƙa ɓargon kara. Sarja ya nuna musu yadda ake lanƙwasa fiffike kawai, sai ga jiragen kara da takarda suna shawagi daga kan tudu, 'yan ƙananan yaran unguwa suna bin su da gudu da ihu.

Habibu ba ya cikin gwanayen maci. Idan aka ce hagu, sai ya ɗan yi shawara da ƙafafunsa. A oba-oba ma Ramatu ta fi shi nesa ba kusa ba, ita ce ta fi kowa, kuma ba don 'yata ce na faɗa ba. Inda Habibu ya yi zarra shi ne aikin fili. Akwai alamun hannu da ake yi wa matuƙi idan jirgi ya sauka: matso, karkata nan, tsaya, kashe inji. Sarja yakan hau kekensa ya zama jirgi, yaro ya tsaya a gabansa yana ba shi hannu. Wasu suna yi kamar masu korar ƙuda. Habibu idan ya ɗaga hannu, ko daga nesa ka san abin da yake nufi. Sarja ya sa an ja layi da farar ƙasa a gefen fili, ya kafa doka ɗaya da ba ya wasa da ita: muddin farfela tana juyawa, babu mai tsallake layin nan, ko da masu riƙe da kal ne, wato guntayen katakon da ake tokare taya da su. Sai inji ya mutu, matuƙi ya ba da alama, sannan a shiga.

Ana gab da ba da hutu Sarja ya zo da albishir. Wasu abokan aikinsa na da sun yarda su kawo ƙaramin jirgi daga Yamai a ƙarshen damina. Duk yaron da ya zauna ya yi horon hutu gaba ɗaya za a zaga da shi sama, waɗanda suka fi ƙwazo kuma ƙungiyar 'yan sama za ta riƙa tura su Yamai su ga yadda ake gyaran jirage, ta nuna musu hanyar makarantun aikin. Yara suka yi ta tsalle. Habibu kaɗai ya tsaya yana kallon ƙasa. A makon nan ne Yaya ya sa aka saya masa takalman roba da bargon tafiya.

Yaron bai roƙe ni ba, kada wani ya ce ya roƙe ni. Ni na ga fuskarsa na je da kaina. Na sami Yaya bayan la'asar a rumfar da ke gaban gida, yana kallon yaransa suna shafa wa Hajiya Babba giris. Haja Kulu, mahaifiyar Habibu, ta kawo mana fura ta ƙi komawa ciki, ta tsaya tana gyara abin da ba ya bukatar gyara. Na faɗi abin da ya kawo ni. Yaya ya saurara har na gama, sannan ya ce:

"Mai Akwati, jirgin nan da kake magana, na kara ne ko na takarda?"

Na ce, "Na ƙarfe ne, Yaya. Zai zo."

"Zai zo. Mota kuwa ga ta nan, ta riga ta zo. Kai ka tafi ka bar ni da ita, ɗan Malanbil ya tafi ya bar ni da ita, yanzu ka dawo za ka ɗauke mini na ƙarshe ka ba wani tsohon soja mai keke."

Haja Kulu ta ce, "Alhaji, yaron nan ko a barci hannu yake ɗagawa."

Ya ce, "Ke kuma wa ya sa da ke? In hannu yake son ɗagawa, ya zo ya ɗaga mini ina ribas."

Muka yi ta yi har aka kira magariba. Yaya mutum ne mai faɗa, amma ba ya ƙin gaskiya idan an ba shi hanyar da zai karɓe ta da girmansa. A ƙarshe ya yanke cewa Habibu ya zauna ya yi horonsa har ranar da jirgi zai zo, shi ma zai je ya ga abin da idonsa. Washegarin ranar kuwa, ko sama ta faɗo, yaro zai hau mota. Na karɓa, don ban ga abin da ya fi haka ba. Habibu ma ya karɓa. Ya yi hutun nan kamar mai cin abincin da ya san ba za a ƙara masa ba, shi ne farkon zuwa fili, shi ne ƙarshen tashi.

Damina ta yi kyau a shekarar, ciyawa ta rufe fili. Yara suka yi makonni suna nome ta, suna cike ramuka, suna kwashe duwatsu. Suka bi makiyaya ruga-ruga suna roƙon a kawar da dabbobi ranar, Ramatu ce mai magana saboda tana jin Fulatanci kaɗan-kaɗan. Wani dattijo ya ce zai kawar da shanunsa idan za a bar shi ya taɓa jirgin, aka yi masa alkawari.

Ranar ta zo da sararin sama tas. Ban san Gaya tana da mutane haka ba. 'Yan kabu-kabu sun yi ta jigila tun hantsi, mata sun kafa kaskon ƙosai da soyayyen kifi, mutanen Bana da Yelu sun zo a kan amalanke. Yaya ya iso cikin babbar rigarsa ta shadda ruwan ƙasa, wadda ba ya sawa sai ranar Sallar Idi, da yaran motarsa a bayansa. Na samar masa wuri a gaba, daf da layin farar ƙasa, kusa da yara biyun da ke riƙe da kal. Ramatu tana gefe da oba-oba a hannu. Da muryar matuƙi ta fito daga ciki, na ji ta amsa masa a taƙaice, ta faɗi inda iska take, ta ce fili a share yake, ta yi shiru.

Jirgin ya ɓullo ta wajen kogi, ɗan fari mai jan layi, ya zaga gari sau ɗaya ya sauko. Da tayoyinsa suka taɓa ƙasa ihun mutane ya kusa danne ƙararsa. Ya juyo ya nufo mu a hankali, ga Habibu shi kaɗai a tsakiyar fili da hannaye a sama. Ya kira shi, jirgi ya matso. Ya karkatar da shi, ya karkata. Ya haɗa hannayensa a saman kai, jirgi ya tsaya cak. Na saci kallon Yaya, na ga bakinsa a ɗan buɗe.

To a nan ne abin ya faru, kuma sai wanda ya tashi a gidan mota zai gane dalili. A wajen direba, mota tana tsayawa apranti yake dirowa da kal ya tokare taya, tun kafin ƙura ta kwanta. Yaron da ya bari direba ya waiwayo bai ga kal a ƙarƙashin taya ba, ranar zai ji a jikinsa. Shekara da shekaru Yaya yana kan wannan. Sai ga shi yana kallon abin hawa ya tsaya, inji yana aiki, yara biyu kuma sun ƙame a gefensa da katako a hannu suna kallo. Na ji ya ce:

"Kai, waɗanne irin ragwaye ne waɗannan? Mota ta tsaya kuna kallonta?"

Kafin in buɗe baki ya fizge kal daga hannun na kusa da shi, ya tsallake layi, ya nufi tayar gaba da saurin da ban san gwiwarsa tana da shi ba. Abin da bai sani ba shi ne farfela idan tana gudu ba a ganinta. Tsakaninsa da tayar nan shi iska kawai yake gani.

Habibu ya hango shi. Ya yi wa matuƙi alamar kashe inji, ya kwasa da gudu yana kira, "Baba! Baba!" Ƙara ta yi yawa, kuma a filin nan rabin mazan da ke tsaye Baba ne. Yaya bai ko waiwaya ba. Sai muka ji muryar yaron ta tsaga ƙarar injin, irin muryar da ban taɓa sanin yana da ita ba:

"Gado! Tsaya!"

Yaya ya yi turus. Tun rasuwar mahaifinmu babu wanda ya kira shi da wannan suna gatsau, ko sa'o'insa Alhaji suke cewa. Wannan ɗan tsayawar ce ta ba Habibu damar isa gare shi. Ya cafki rigar ta baya da hannu biyu ya ja da dukkan ƙarfinsa. Shadda ta yage daga kafaɗa har kugu. Hula ta faɗi ta gangara. Yaya ya yi baya taku biyu ko uku, amma yana kan ƙafafunsa. Abin da ya faɗi ƙasa a ranar hula ce da katako, ban da su babu.

Inji ya mutu. Farfela ta rage gudu, ta fara bayyana, ta yi juyi na ƙarshe ta tsaya, ƙarfe mai kaifi kamar takobi, kusa da inda kan Yaya zai kasance da ya sunkuya. Fili ya yi tsit har ana jin man ƙosai yana tafasa. Kowa ya ji sunan da yaron ya kira. Yaya ya daɗe yana kallon farfelar. Sannan ya sunkuya ya ɗauki hularsa, ya kaɗe ta, ya tattare yagaggiyar rigarsa, ya koma bayan layi ya zauna a kan bencin da aka ba shi.

Habibu ya koma wurinsa. Ya jira matuƙi ya ba da alama, ya kira masu kal suka shiga suka tokare tayoyi, ya gama aikinsa. Sai da matuƙin ya sauko ya dafa kafaɗarsa sannan mutane suka tuna da tafi. Aka fara ɗaukar yara uku-uku. Ramatu tana cikin na farko, ta sauko tana magana ba numfashi, ita da na koya wa yin shiru: ta ga kogi kamar an shimfiɗa zane, ta ga gadar Malanbil, ta ga layin kamiyoyi a duwan, wajen 'yan kwastan, kamar tururuwa sun sami sukari, ta ga gonakin shinkafa, ta ga rufin gidanmu da shanyar Haja Kulu. Dattijon nan mai shanu ya zo ya shafa fiffike ya ce sanyi gare shi kamar tulu. Da aka kira sunan Habibu, sai ya girgiza kai ya ce a ba wani. Ya koma bayan darbejiya ya tsuguna.

Na je na zauna kusa da Yaya. Ban san me zan ce ba, ni da na ci abinci da magana. Shi ya fara.

"Kira mini shi."

Habibu ya zo ya durƙusa a gabansa, kansa a ƙasa. Yaran mota suka ja baya, sun san abin da ke biyo bayan irin wannan kira. Yaya ya ce:

"Wa ka kira ɗazu?"

"Baba, ka yi haƙuri."

"Ban ce ka ba ni haƙuri ba. Na ce wa ka kira?"

Yaya ya juyo wajena.

"Mai Akwati, kana Yamai lokacin, ba ka sani ba. Na taɓa yin wani yaro, ɗan mutunci, ba ya haɗa ido da ni. Wata rana a hanyar Kwatano ina ribas da kaya cike, yana baya yana ba ni hannu. Ashe ƙasa ta zaftare a gefen. Yana gani. Ka san abin da yake yi? Yana cewa, Alhaji, Alhaji, a hankali kamar mai tashin amarya daga barci. Sai da muka kwana uku muna fitar da mota daga rami. Na ce masa don me ba ka yi mini tsawa ba? Ya ce ya ji nauyina. Ranar na sallame shi. Shekara nawa ina neman yaron da zai iya daka mini tsawa idan zan halaka, ashe yana cikin gidana yana cin tuwona."

Ya miƙa ƙafa ya ɗan zunguri gwiwar Habibu.

"Tashi ka je ka hau abin nan, kada su cinye maka rabonka."

Ya hau a zagaye na ƙarshe. Gaskiya ita ce bai ji daɗinsa ba. Ya sauko fuskarsa ta yi fari, ya nemi bayan wata bishiya ya amayar da ƙosan da ya ci, abokansa suna yi masa dariya. Da ya dawo ya ce wa Sarja shi dai a bar shi a ƙasa, ya fi son ya ga cikin injin. Matuƙin ya buɗe masa murfi, suka daɗe kansu a haɗe. Yaya kuwa da aka ce ko zai zaga, ya ce shi ba ya shiga motar da ba ta da wurin tsayawa a duba taya.

Da muka koma gida labari ya riga mu isa, har ya fara canza kama. Haja Kulu ta tare mu a zaure, ta kama kunnen Habibu tana cewa, "Sunan ubanka? A bainar jama'a? Da bakin nan naka?" Tana faɗa tana kuka tana shafa kansa da ɗaya hannun. Ta karɓi rigar ta duba ta ce ko tela ya yi rantsuwa ba za ta koma yadda take ba. Yaya ya ce a bar masa abarsa haka. Amma game da tafiya bai ce komai ba, mu ma ba mu tambaya ba. Alkawari alkawari ne, kuma ya cika nasa.

Washegari da sassafe aka gama ɗaure wa Hajiya Babba lodin albasa. Na fito don in yi musu sallama. Habibu ya fito da takalman roba a ƙafa da bargo a kafaɗa, ya gaishe mu, ya kama tsani zai hau. Yaya yana zagaya mota yana buga tayoyi da ƙarfe, bai ɗago ba ya ce:

"Ina zuwa?"

"Kwatano, Baba."

"Wa zai tsaya wa jirgin mutane idan zai tashi yau? Waɗancan biyun masu kama da gumaka?"

Habibu ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan tsani, ya dube ni, na dubi Yaya. Yaya ya ƙwala wa Sule kira, ɗan maƙwabcinmu, wanda ya shekara yana wanke motar nan ba a sa shi ba. Ya ce ya je ya gaya wa uwarsa, ya zo ya karɓi takalma da bargo.

Ina so ku san abin da wannan kiran ya ci. Sule ne ya yi shekarun bayan mota, shi ya karɓi permi, kuma da gwiwa ta kayar da Yaya shi aka miƙa wa makullin Hajiya Babba. Ya riƙe amana, amma a ƙofar gidansu take kwana. Sana'ar da mahaifinmu ya kafa ta fita daga gidan nan a safiyar, kuma Yaya ya san haka lokacin da yake kiran. Habibu ya koma lakwal, ƙungiya ta tura shi Yamai a hutun da ya biyo, daga nan ya bi hanyar da kuka san shi a kanta, ta gyaran jirage.

Yaya ya hau ya zauna, ya tayar da inji, Sule ya zare kal ya ɗane baya yana murmushi har kunne. Habibu yana tsaye ba takalmi, ya rasa inda zai sa hannayensa. Mota ta fara motsi, sai Yaya ya leƙo ta taga.

"Kai, ɗan sama!"

"Na'am, Baba."

"Sunan nan, ka ci bulus sau ɗaya. Ka sake kiransa, ko a cikin jirgi kake sai na hau na sauko da kai."

Ya ja mota. Habibu bai jira ta sha kwana ba, ya shiga gida ya fizgo rigarsa mai launin sama, ya fita da gudu yana sa ta a hanya, Haja Kulu tana bin sa da kofin koko tana kiran ya dawo ya karya.